Kafaɗar Mama Jemimah

Shafi na 14

Waɗanda suka dame ni da tambayar yaushe tsohuwar za ta ga sabon tambarin kamfanin, to ga ranar ta zo. Kada ku yi saurin yanke wa kowa hukunci.

★★★

Ruwan hantsi ya ɗauke, amma kwatocin Kakuri ba su gama haɗiye shi ba, lokacin da keke Napep ya tsaya a ƙofar Jiniya Films. Nicholas na tsaye a bakin shagon tun ɗazu, yana ta goge tafin hannunsa a jikin wando kamar wanda ya taɓa manja.

Edith ce ta fara saukowa, matar marigayi Ebenezer, abokin da suka kafa kamfanin tare. Ta juya ta miƙa wa uwar mijinta hannu.

"A hankali, Mama, akwai taɓo."

"Taɓon Kakuri ne zai kayar da ni? Na taka shi tun uwarki ba ta san za ta haife ki ba."

Nicholas ya russuna.

"Sannu da zuwa, Mama. Yaya hanya?"

"Hanyar Rido ta zama bakina, ɗana, ramuka sun fi haƙora yawa." Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "Niko, wannan tumbin naka ne, ko aro ka yi don biki? Lallai fim na ciyar da mutum."

Ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba.

Mama Jemimah ta jawo ƙullin sabuwar doya daga cikin keken, ta aza shi a kafaɗarta ta hagu, ta ɗaga hannu ta tallafe, yadda matan Gbagyi suke yi tun kaka da kakanni.

"Kawo in riƙe miki, Mama."

"Bar ni. Ranar da na kasa ɗaukar doya, ku kira fasto ya fara shirya wa'azi."

Ta wuce gaba. Ya bi ta a baya, idonsa a kan kafaɗar.

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Jiniya ya san wannan kafaɗa, ko da bai san mai ita ba. Kafin sunan fim ya fito, allo kan yi baƙi, a ji kukan jiniyar masaƙa, sai mace ta ɓullo daga gefe da ƙatuwar ƙwarya a kafaɗa, ta ɗan karkata, tana tafiya zuwa wata ƙofar ƙarfe da ke rufe. Hoton na ɗan rawa. Daga nan rubutu ya hau: JINIYA FILMS, KAKURI.

Ebenezer ne ya ɗauka da kyamarar aro, a kwanakin da aka rufe masaƙa aka sallame su shi da Nicholas. Ma'aikata sun ci gaba da taruwa a ƙofar kowace safiya, ko za a ce su dawo. Uwarsa kuwa, wadda ta yi shekaru tana sayar musu da dafaffiyar doya da yaji a wurin, ba ta fasa zuwa ba. Ta daina sayarwa ne kawai, ta koma rabawa. Da wannan kyamarar aron suka fara ɗaukar bikin aure da taron zumuntar mata, har suka kai ga fim. Shekara ashirin ke nan.

Nicholas ya zo Kaduna daga Zonkwa yana saurayi, ba uwa ba dangi. Daga ƙwaryar nan ya ci ya yi jiki. Abin da yake tsoro yau ɗaya ne: kada tsohuwar ta shiga shagon nan tana ce masa ɗana, ta fita ba ta ƙara faɗa ba.

Don ya san abin da ke cikin kwamfutar.

Wani kamfanin Legas mai saka finafinai a waya ya yarda ya ɗauki duka finafinansu, amma ya ce tsohon tambarin ya yi dishi-dishi, a sabunta. Becky, 'yar Benuwai da ke musu zane a kwamfuta, ita aka ba aikin. Nicholas ya so a bari sai ranar bikin cika shekara ashirin, cikin taro da kiɗa, inda ba mai iya tsayawa ya duba. Edith ta ce atafau, mai hoto ce za ta fara ganin hotonta.

A ɗakin editin, inda ake haɗa fim, Becky ta miƙe da sauri ta durƙusa.

"Kaka, sannu da zuwa."

"Yauwa, 'yata."

Suka kalli juna na ɗan lokaci. Nicholas bai kula ba, hankalinsa na kan allon.

"A fara sa min tsohon," in ji Mama, tana zama a kujerar roba. "In gaishe da ƙuruciyata."

Becky ta danna. Jiniya ta yi kuka. Macen ta ɓullo.

"Kai! Dubi zanina!" Mama ta tafa hannu. "Atamfar masaƙarku ce, Niko. Yana nan a akwatina, bai koɗe ba har yau. Na yanzu kuwa wanki biyu sai ka ga cinyar mutum."

Edith ta yi dariya, sai kuma ta sa bakin gyale ta dafe ido. Rawar da hoton ke yi, rawar hannun mijinta ce.

"To, a kawo sabon."

Becky ba ta motsa ba. Ta kalli Nicholas.

"Sa mana," ya ce, bai kalle ta ba.

Allo ya yi baƙi. Jiniya ta yi kuka, tas, ba ƙarar iska a ciki. Rana ta fito ruwan zinariya. Sai ga zanen wata mace doguwa mai dogon wuya, a miƙe sambal, tana rangaji, hannuwanta biyu na lilo. Ƙwaryar na bisa kanta, zaune daram a kan gammo.

Rubutu ya hau. Allo ya koma baƙi.

Mama ta matso da kujerarta kusa da allon.

"Maimaita," in ji Mama.

Aka maimaita.

"Wace ce wannan?"

Mama ta waiga wajen Nicholas.

"Niko, tambaya nake. Wace ce?"

"Ke ce, Mama. An... an ɗan gyara ne."

"An gyara." Ta jinjina kai a hankali. "Har da gammo."

Edith ta miƙe tsaye, kujerarta ta faɗi.

"Yesu na! Becky! Ke wace irin yarinya ce? Ni da nake 'yar Kagoro, aure ne ya kai ni cikinsu, na san Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka! Yaron da ke tallan gyaɗa a unguwar Television ma ya sani!"

"Anti, ni..."

"Rufe min baki! Tsohon na gabanki, ko makanta ta same ki? An ce ki wanke hoto, kin je kin sake wa tsohuwa ƙabila! Wannan ai kamar ki zana fasto da rawani ne ki ce an gyara!"

"Maman Hope, a hankali," in ji Nicholas.

"Babu a hankali, Baban Joy! Mijina ya mutu ya bar abu ɗaya da hannunsa ya taɓa, yarinyar da ba ta san ranar da aka rufe masaƙa ba ta zo ta yi wasa da shi? Yau za ta bar shagon nan. Ina da rabo a kamfanin nan, kuma na faɗa."

Becky ta sunkuyar da kai. Hawaye na ɗiga a kan maɓallan kwamfuta.

Nicholas ya ji wata murya a ransa, mai taushi, mai kama da ta mai hankali. Ta ce masa: in ka yi shiru, me aka rasa? Yarinya ce, za ta sha faɗa ta manta. Ka sama mata aiki a wani wuri, har ma ka yabe ta. Tsohuwa kuma za ta koma gida da zuciyarta ɗaya, tana ganin kuskuren baƙuwa ne. Gaskiyar da za ta karya tsohuwa, da shirun da zai kare ta, wanne ne ya fi kusa da tausayi?

Ya saurari muryar. Ya ga tana da hujja.

"Yarinta ce," ya ji bakinsa na faɗa. "Kuskure ne, kowa na yi. Becky, ba wa Mama haƙuri."

Becky ta ɗago ta dube shi. Kallo ɗaya. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ta zame daga kujera, ta kai gwiwoyinta ƙasa a gaban tsohuwar.

"Kaka, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me?"

"Na... na ɓata miki hoto."

"Matso nan."

Becky ta matsa. Mama ta sa yatsu ta ɗan janye wuyan rigarta ta gefen hagu, ta shafa ƙashin kafaɗar.

"Ta warke?"

"Ta warke, Kaka."

"Na ce miki ki shafa man kaɗanya. Kin shafa?"

"Na shafa."

Edith ta saki baki.

"Mama, me ke faruwa? Kin san ta ne?"

"Na san ta mana. Ta zo Rido. Ba sau ɗaya ba." Mama ta gyara wa Becky rigar. "Ta zo da 'yar jakarta ta ce min, Kaka, an ba ni aikin zana ki, kuma hannuna ba zai iya zana abin da jikina bai sani ba. Koya min. Na cika mata ƙwarya da ruwa na aza mata. Ta zubar. Na sake cikawa. Ta zubar. Yaran unguwa suka taru suna mata waƙa. Ba ta fasa ba sai da ta kai bakin rijiya ta dawo ba ɗigo a ƙasa. Kafaɗar nan ta kumbura kamar burodi."

Nicholas ya waiga ya dubi Becky. Bai san da wannan ba. Ko kaɗan.

"Da ta dawo karo na biyu," Mama ta ci gaba, "ta nuna min zanen a wayarta. Ni ce sak. Ƙwaryata a inda take, hannuna a inda yake. Abu ɗaya na ce ta gyara. Na ce ta ƙara min ɗuwawu, a zamanin nan ba haka nake a bushe ba."

Ba wanda ya yi dariya.

"Tashi, 'yata. Gwiwarki ba ta yi laifi ba."

Becky ta tashi, ta koma jikin bango.

"Yarinyar nan ta san inda kayana suke zama. To wa ya sauke su daga kafaɗata ya ɗora min a ka?"

Fanka na juyawa. A waje wani mai keke na ta danna oda.

"Becky," in ji Edith, muryarta ta sauka, "wa ya sa ki?"

"Anti, abeg, kar ki tambaye ni."

Edith ta juya a hankali. Ta dai tsaya tana kallon Nicholas, kamar yau ta fara ganinsa.

Abin ya dawo masa gaba ɗaya. Otal ɗin Abuja, sanyin na'ura, wani matashi daga kamfanin Legas da bai kai ƙaninsa ba. An sa tsohon tambarin a babban allo. Matashin ya tuntsire da dariya ya ce, Oga, wannan maman doro gare ta ne? Me ya sa ta karkace haka? Turawa za su ɗauka rashin lafiya ce. Sauran suka yi dariya.

Shi ma ya yi.

Ya fi kowa ma ƙarfin dariya.

Da ya dawo Kaduna ya tarar Becky ta gama zanenta, tana murna. Ya ce ta ɗora ƙwaryar a ka, ta miƙe bayan. Ta ce, Oga, ba haka suke yi ba. Ya ce, ni ne oga a nan ko ke?

"Baban Joy," in ji Edith. "Mutanen Legas ne suka tilasta maka? Sharaɗi suka sa, ko ka sauya ko su fasa?"

Ga ƙofa ta buɗe masa. Edith da kanta ta buɗe ta, kuma ya ga a idonta tana so ya bi ta nan ya fita. Eh kawai zai ce. Mutanen Legas ba sa nan, ba za su taɓa zuwa Rido ba.

Ya kalli Becky a jikin bango, tana murza kafaɗarta ba tare da ta sani ba.

"A'a," ya ce. "Cewa suka yi a wanke hoton kawai. Wani ya yi dariya. Ya ce... ya ce kamar mai doro. Ni ne na ce a sauya."

"Da ya yi dariyar, kai me ka ce masa?" in ji Mama.

Ya kau da kai gefe.

"Ka ce masa uwarka ce?"

"Ban ce ba."

"Me ka yi?"

"Na taya shi."

Edith ta dafe ƙirji ta zauna a kan tebur.

Mama ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗora hannuwanta biyu a kan gwiwa, tana kallon baƙin allon.

"Mu a wurinmu kai sarki ne. Shi ke tunani wa jiki duka. Ba a ɗora wa sarki itace, ba a ɗora masa doya. Ko ku yarda ko kar ku yarda, haka uwata ta koya min, haka uwarta ta koya mata. Da na zo Kakuri ina amarya, babu sunan da ba a kira ni ba a kasuwa. Bagwariya mai karkataccen wuya. Bagwariya ba ta san inda kai yake ba. Na ji, na wuce. Bakin bare ba ya huda fata."

Ta waiga ta dubi Edith.

"Akwai abin da ban taɓa faɗa muku ba. Har ke, Edith. Ebenezer yana firamare, ranar da za a ba su sakamako, ya riƙe min zani yana kuka. Ya ce, Mama, in za ki zo makarantarmu, don Allah ki ɗora a ka, yau kaɗai. Yara suna min dariya. Na ce ba zan ɗora ba. Ya ce to kar ki zo. Ban je ba. Ya zo na ɗaya, aka kira uwarsa, ba kowa."

Edith ta fara kuka a hankali.

"Bai taɓa tayar da maganar ba har ya girma. Ni ma ban tayar ba. Sai ranar da kuka gama fim ɗinku na farko, ya zo ya ɗauke ni ya zaunar da ni gaban talabijin. Na ga kaina ina tafe, ƙwarya a kafaɗa, kafin sunan kowa ya fito. Ya ce, Mama, duk fim ɗin da za mu yi, ke za a fara gani. Bai ce in yi haƙuri ba. Ba sai ya ce ba. Na gane."

Ta juyo ta dubi Nicholas.

"Wannan abin da kuke kira tambari, ni a wurina haƙurin da ɗana ya ba ni ne. Shi ka ba yarinya ta goge."

"Mama, ban sani ba. Da na sani..."

"Da ka sani da ka bar shi don Ebenezer. Na yarda. Amma don ni fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Niko, kalle ni. Kunyata ka ji?"

Ya ɗago. Idanun nan ne da suka hango shi a ƙofar masaƙa yana saurayi, ya kwana bai ci ba, yana yi kamar ya ƙoshi.

"Na ji, Mama."

"To. Gara da ka faɗa."

Ya zube a gabanta, sabon wandonsa a kan simintin da takalma suka shigo da taɓo.

"Ki yafe min."

"Ba ni ce farko ba. Ni hoto ka taɓa min. Waccan kuwa mutum ce, da ranta, ka sa ta durƙusa a kan laifinka kana kallo. Wannan ya fi gammon muni."

Nicholas ya juya a kan gwiwoyinsa. Mutum mai 'ya'ya a jami'a, mai furfura a gemu.

"Becky. Na zalunce ki."

"Oga, don Allah ka tashi."

"Bar shi ya ɗan daɗe," in ji Edith, tana jan hanci. "Tumbin zai ragu." Ta miƙo hannu ta kamo Becky. "Zo nan, ke kuma. Bakina ya yi gudu. Sori, 'yar uwa. Amma ke ma, a tsaya ana yanka ki ba ki ce wayyo ba?"

"Shi ya koya min aikin, Anti. Na ce in ya ga dama zai faɗa."

Wannan ta fi duka shiga jikin Nicholas.

Mama ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Zanen farko yana nan, 'yata?"

"Yana nan, Kaka. Ban goge ba."

"Madalla. Da ɗuwawun?"

"Da su."

"To shi za a sa." Ta mai da ido kan Nicholas. "Saura magana ɗaya, kuma ka yi tunani kafin ka amsa. Wa ya ga wannan mai gammon?"

Kafin ya buɗe baki ta ci gaba.

"Ka san a Rido ba wanda bai san ni ce a gaban fim ɗinku ba. A coci Maman Fim suke ce min. Jikokin ƙawayena, in malami ya tambaye su wa ya fito a talabijin daga garinmu, sunana suke faɗa. In abin nan ya tsaya a ɗakin nan, maganar gida ce. Ɗa ya yi wa uwa laifi, uwa ta share, an wuce. Amma in mutanena suka gan ni da kaya a ka, ba za su ce Niko ne ba. Cewa za su yi Jemimah ta tsufa ta sayar da kanta wa 'yan birni. Ranar nan kuwa ba ni da sauran ɗa a Kakuri. Ka ji ni?"

"Na ji, Mama."

"Wa ya gani?"

Akwai allon talla. Babba, na bikin cika shekara ashirin, da sabon zanen a jikinsa. Ya ba Sam, mai kula musu da harkar talla, ya kai wa masu bugawa. Amma sai jibi za a kafa. Tana fita zai kira Sam ya ce a naɗe shi a ƙona. Masu bugawa ba su san ta ba, ganinsu ba gani ba ne. In ya faɗa mata yanzu, ya sake buɗe ciwon da ya fara rufewa, a kan abin da ba zai taɓa faruwa ba.

Muryar nan ce dai mai taushi. Ya gane ta sarai. Duk da haka ya sake saurarenta.

"Babu wanda ya gani, Mama."

"Ka tabbata?"

"Ban da mu huɗun nan, babu."

Ta daɗe tana kallonsa. Daga nan ta ɗora tafin hannunta a kansa, a hankali, kamar mai taɓa ƙwai.

"Ubangiji ya ba wannan kan hankali. Tashi, ɗana."

Ɗana.

Ya tashi, idonsa ya cika.

"Doyar nan taku ce, ku raba da Becky, ita ta ɗauki manyan. Edith, mu tafi kafin hadarin can ya sauko."

"Ku tsaya ku sha ko lemo, Mama."

"Na sha abin da ya ishe ni yau."

Ya raka su bakin titi, ya tsayar da keke, ya taimaka mata ta hau. Ta ɗaga masa hannu. Keken ya kutsa cikin motoci ya ɓace.

Bai ko koma cikin shago ba ya zaro waya ya kira Sam.

Ba ta shiga.

Ya sake kira. Ana amfani da layin.

Ya sake. Ya sake. Ya taka zuwa bakin kwata inda sabis ya fi ƙarfi, yana zagin kamfanin waya a ransa. Becky ta leƙo daga ƙofa.

"Oga, lafiya?"

Kafin ya amsa wayar ta yi ƙara a hannunsa. Sam ne. Bayansa hayaniyar tasha, 'yan kamasho na kiran Sabo, Sabo, Maraban Rido.

"Oga! Ina ta neman ka! Albishirinka!"

"Sam, saurara. Allon nan, kar a..."

"Ai shi nake faɗa maka! Masu kafawa sun ce jibi suna da aiki a Zariya, sai suka zo yau. Mun gama yanzun nan! Oga, ka ga kyau? Tun daga kan kwana ake hango shi!"

Nicholas ya dafa bango.

"A ina?"

"Inda ka ce mana. Television, daidai tasha, yana kallon masu tafiya Rido. Kuma na yi maka wata dabara, Oga, za ka yaba min. Na ga ƙasan ya yi fili, sai na sa aka rubuta da manyan baƙaƙe: MAMA JEMIMAH TA RIDO, UWAR JINIYA FILMS. Mutane har sun taru suna ɗauka a waya!"

"Sam. Sauke shi. Yanzu. Yaga shi in ya kama!"

"Ah ah, Oga, masu tsanin ai sun tafi. Me ya... tsaya. Tsaya tukuna."

"Mene ne?"

"Wani keke ne ya ci birki a tsakiyar titi, ya tare hanya. Kai, ba Madam Edith ba ce a ciki? Ita ce! Tana riƙe wata tsohuwa, tsohuwar na fizgewa."

"Sam..."

"Oga, ta sauko. Ta tsaya a ƙarƙashin allon. Ta ɗaga kai."